Gwajin Gashi Domin Gano Dalilin Kasala, Rikicewar Al'ada da Ciwon Ciki: Tambayoyin Matan Zamfara da Amsoshinsu

Tallan gwajin ma'adinan gashi yana yawo a WhatsApp da Facebook, kuma mata ake nufi da shi: mai yawan kasala, wadda al'adarta ta rikice, wadda cikinta ke kumbura kullum, wadda aka yi wa maganin taifot da maleriya har ta gaji. Ana ce mata ta yanko ɗan gashi ta aiko, za a gano mata tushen matsalar. A Zamfara maganar tana da nauyi fiye da sauran wurare, domin mun san gubar dalma da idonmu. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mene ne wannan gwajin, kuma yaya ake yin sa?

Ana yanke gashi daga ƙeya, dab da fatar kai, daga wuri uku zuwa biyar, da almakashi mai tsabta marar tsatsa. Santimita 3 zuwa 4 na wajen tushe ake ɗauka, a zubar da sauran tsawon. Abin da ake buƙata bai da yawa, miligiram 125 zuwa 250, kusan cikin ƙaramin cokali. Sai a zuba a ambulan ta takarda a tura ɗakin gwaje-gwaje, galibi a Amurka ko Turai. A can wasu sukan wanke gashin, wasu ba sa wankewa, sannan a narkar da shi cikin asid mai zafi, a sa ruwan a na'urar da ake kira ICP-MS. Na'urar tana ƙirga sinadarai 20 zuwa 40: kalsiyam, magnesiyam, zink, tagulla, seleniyam, ƙarfe, da masu guba irin su dalma, zaiba da asenik.

Hujjar masu tallan ita ce gashi na tsiro kusan santimita 1 a wata, don haka santimita 3 tarihin wata uku ne na jikinki. Gashin baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka wajen saurin tsiro, abin da yawancin takardun sakamakon ba sa la'akari da shi.

To na'urar ƙarya take yi?

A'a. Na'urar tana auna abin da aka zuba mata daidai. Matsalar ita ce ba ta san daga ina sinadarin ya zo ba, ko daga jininki ya shiga gashin, ko daga waje ya manne masa.

Ki duba abin da kan mace ke haɗuwa da shi a wata uku. Rilaksa iri biyu ce: wadda ake yi da sodiyam mai ƙarfi, da wadda ake gauraya mai da ruwa kafin a shafa, wadda ke barin kalsiyam a jikin gashi. Shamfon amosanin kai da yawa suna ɗauke da zink ko seleniyam. Ruwan rijiya da na burtsatse mai nauyi yana ƙara kalsiyam da magnesiyam. Ƙurar hunturu da jar ƙasa suna kawo ƙarfe da alminiyam. Ga dayis, ga lalle, ga man kitso da ake shafawa a bar shi mako biyu ko uku. Duk waɗannan na'urar za ta ƙirga su a matsayin naki.

In an ce wanki zai magance wannan, shi ma da tasa matsalar. Wankin da ya isa ya cire ƙura yana kwashe sodiyam da fotasiyam na cikin gashin, wankin da ya yi laushi kuma yana barin datti. Ɗakunan gwajin ba su yarda da hanya ɗaya ba, kuma kowannensu yana da nasa ma'aunin abin da yake kira daidai.

An gwada su a aikace. A 1985 aka buga binciken wani likita a Amurka da ya aika gashin 'yan mata biyu masu cikakkiyar lafiya zuwa ɗakunan gwaji 13, sakamakon ya dawo daban-daban. Daga baya aka sake: aka raba gashin mutum ɗaya lafiyayye zuwa ɗakunan gwaji 6, aka buga abin da aka samu a 2001 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA. A sinadarai 12, lambar da wani ɗaki ya bayar ta ninka ta wani fiye da sau goma, kuma shawarwarin abinci da ƙwayoyin da suka biyo baya sun saɓa wa juna. Kai ɗaya ne, gashi ɗaya ne.

Zai nuna mini ko ina da ƙarancin jini?

Ba zai nuna ba, kuma wannan ne babban gibinsa, domin ƙarancin jini shi ne abu na farko da ake nema a macen da ke fama da kasala. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ƙarfen da ke cikin gashi ba ya bin ƙarfen da jiki ya ajiye. Mace na iya samun ƙarfe mai yawa a takardar gashi saboda ƙura, alhali ma'ajiyarta ta ƙare ƙarƙaf.

Gwajin da ke amsa wannan tambaya yana nan kusa da ke. Hemogulobin ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki, ko ƙasa da 11 ga mai ciki, ƙarancin jini ne. Idan PCV aka yi, ƙasa da 36 ga marar ciki yana nuni ga haka. Sai feritin, wanda ke auna ma'ajiyar ƙarfe: ƙasa da 15 ƙaranci ne tabbatacce, likitoci da yawa ma suna fara magani daga ƙasa da 30 idan akwai alamu. Feritin na iya yin ƙasa tun PCV bai faɗi ba, kuma a wannan matakin kasala da zubewar gashi sukan fara. Abu ɗaya na ruɗa shi: zazzaɓi ko kumburi a jiki yana ɗaga feritin, don haka kada a yi shi a tsakiyar maleriya.

Akwai alamar da mata ke jin kunyar faɗa: kwaɗayin farar ƙasa, taunar ƙanƙara, ko cin ɗanyar shinkafa. Ki faɗa wa likita, domin sau da yawa ƙarancin ƙarfe ne ke jawo shi, kuma yakan tafi idan aka cike gibin.

Idan ƙarancin jinin ne, yaya ake shan maganin ya yi aiki?

Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da ƙarfe miligiram 65. Guda ɗaya a rana ta isa ga mafi yawan mata, kuma idan tana tayar da zuciya ko ƙulle ciki, ana iya shan ta rana ɗaya a tsallake ɗaya. A sha da ruwa, da lemo ko gwaiba idan akwai. Shayi, madara, nono da maganin olsa mai ruwan fari suna hana ta shiga jiki, don haka a bar tazarar awa biyu. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Cikin mako 3 zuwa 4 ya kamata hemogulobin ya ƙaru da 1 zuwa 2. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar ƙarfi ya dawo. Ana ci gaba wata uku bayan jini ya daidaita domin a cika ma'ajiya. Lemon malt da madara da ake haɗa wa mai jego ba ya ƙara jini.

Dole kuma a nemi inda jinin ke zuba. Al'adar da ke wuce kwana 7, ko mai cika audugar mata cikin awa ɗaya ko biyu, ko mai gudaji manya, tana buƙatar hoton mahaifa don a duba ƙari. Haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki, da maleriya mai maimaituwa duk suna cin jini. Matan da ke aikin shinkafa ko wanki a ruwan madatsar Bakolori da magudanansa su nemi a duba fitsarinsu saboda tsargiya.

Mai sikila kada ta sha ƙwayar ƙarfe sai an auna feritin, musamman idan an sha ƙara mata jini. A kuma ɓoye ƙwayar daga yara, domin tana kisa idan yaro ya haɗiye da yawa.

An ce rabon kalsiyam da fotasiyam a gashi yana nuna lafiyar maƙoshi, wato tayirod. Haka ne?

Wannan lissafin masu sayar da gwajin ne, babu asibitin koyarwa da ke aiki da shi. Haka maganar mai saurin ƙona abinci da mai jinkirin ƙonawa, da abin da suke kira gajiyar halittar adirenal (wadda ke saman ƙoda), wanda ƙungiyar likitocin homon (sinadaran da jiki ke sarrafawa don tsara ayyukansa) ta Amurka ta bayyana cewa ba cuta ce da aka tabbatar ba.

Ana auna tayirod da jini. Gwajin TSH shi ne ƙofa, kuma yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar kusan 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai. Idan ya fita daga nan sai a ƙara T4, homon da tayirod ke fitarwa. Tayirod mai rauni yana zuwa da kasala, jin sanyi ko da ana zafi, ƙiba ba dalili, ƙullewar ciki, bushewar fata da yawan jinin al'ada. Mai wuce gona da iri yana zuwa da rama duk da cin abinci, faɗuwar gaba, gumi, rawar hannu da ƙarancin al'ada. Maƙoƙo a wuya na iya kasancewa tare da kowannensu, ko ba tare da ko ɗaya ba. Mai shan ƙwayar bayotin don gyaran gashi ta dakata kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini, domin tana karkatar da sakamakon.

Al'adata ta rikice. Wane gwaji ya dace?

Gwajin ciki da fitsari tukuna, ko da kina ganin ba zai yiwu ba. Bayansa, alamun ne ke nuna hanya. Idan nono na fitar da ruwa alhali ba kya shayarwa, a auna furolaktin, homon da ke kawo nono. Idan al'ada na tsallake watanni, ga ƙuraje da gashi a haɓa, ana duba cutar PCOS, wato rikicewar homon da ke hana ƙwai fita daidai, ta hanyar tarihi, gwajin jini da hoton mara, tare da auna suga. Mai neman haihuwa ana auna mata furojestaron, homon da ke nuna ko ƙwai ya fita, kwana 7 kafin ranar da take sa ran al'ada, wato rana ta 21 ga mai zagayen kwana 28. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da ashanar hannu suna rikita al'ada ko su ɗauke ta, kuma wannan sananne ne. Daga shekara 45 zuwa 55, zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, gumin dare da tsallaken al'ada galibi alamun ɗaukewarta ne. Jinin da ya dawo bayan shekara guda cur da ɗaukewa kuwa, a kai shi asibiti cikin makon.

Babu ɗaya daga waɗannan homon da gwajin ma'adinan gashi ke aunawa.

Mu a Zamfara ai dalma gaskiya ce. Ashe ba gashi ne zai nuna ta ba?

Gaskiya ce ƙwarai. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da 'Yargalma, daga baya Bagega. Fiye da yara 400 suka rasu. Dutsen zinaren yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa, a shanya a tsakar gida, aikin da mata da yawa suka yi da hannunsu. Ƙungiyar likitoci ta MSF da ta yi wa dubban yara magani da jini ta auna su, haka nan hukumar lafiya ta duniya jini ta sa a matsayin ma'auni.

Dalili a fili yake. A gidan da ƙurar dutse ke tashi, dalma za ta manne wa gashi ko da kaɗan ce ta shiga jiki, sannan wanki mai ƙarfi na iya rage lambar macen da jininta ke cike da ita. Ko ta wane ɓangare aka kuskure, an cutar da ita. Babu likitan da zai ba da maganin fitar da dalma bisa takardar gashi.

Dalma a jikin babbar mace tana zuwa da ainihin alamun da tallan ke lissafawa: kasala, ciwon ciki mai murɗawa, ƙullewar ciki, ciwon kai, mantuwa, ciwon gaɓoɓi, ƙarancin jini, hawan jini da ɓari. Tana raguwa da rabi a jini cikin kusan wata guda idan an rabu da tushenta, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda ke jikin babba tana kwance a ƙashi shekaru da dama. Lokacin ciki da shayarwa, jiki yana jawo kalsiyam daga ƙashi, dalma ta biyo shi ta isa ga jariri. Saboda haka yarinyar da ta tashi a waɗannan ƙauyuka a 2010, yau ta yi aure ta ɗauki ciki, ta cancanci a auna jininta ko da ta koma Gusau da zama. A faɗa wa ma'aikaciyar awo wannan tarihin tun zuwan farko.

Ana ɗibar jinin daga jijiya cikin kwalbar da ba ta da dalma. Idan daga yatsa ne, a wanke hannu da sabulu sosai, kuma duk sakamakon da ya yi sama a tabbatar da shi da jinin jijiya. Babu adadin da ake ɗauka marar illa, amma daga maikirogiram 5 a kowace desilita ake fara neman tushen gubar a kawar da shi. Ga yara, daga 45 ake ba da maganin fitar da ita, a ƙarƙashin kulawar likita. Ki tambaya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko babban asibitin Anka, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, su nuna miki inda ake yin gwajin a halin yanzu.

Ba mu haƙar zinare a gidanmu. Ta ina dalma za ta same ni?

Ta kwalli. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya da dalma ta hau jininsa, aka auna kwallin da ake sa masa aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Hanyar shigarta ita ce hannu: a murza ido, a kai baki. Kada a sa wa jarirai, mai ciki ma ta bar shi.

Sauran hanyoyin su ne tufafi da takalman maigida ko ɗa da ke aiki a wurin haƙa ko injin niƙan dutse, buhunan da aka ɗauko dutse da su aka zuba hatsi, injin da ke niƙa dutse da dawa, tukwanen da aka ƙera da tarkacen ƙarfe, da aikin fasa tsohon batirin mota. Mai aikin ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shigo gida, a wanke kayan daban, a riƙa goge ɗaki da tsumma mai laima maimakon shara mai tayar da ƙura.

Akwai abin da gashi ke nunawa da gaske?

Akwai. Zaibar da ke shiga jiki ta cin kifi tana taruwa a gashi daidai gwargwadon yadda take a jini, kuma masu bincike sun amince da wannan gwajin. Ana amfani da gashi wajen binciken asenik da miyagun ƙwayoyi a shari'a. Amma zaibar da ta fi damun matanmu iri biyu ce daban: hayaƙin da ke tashi idan ana ƙona ta don a ware zinare, da wadda ke cikin wasu mayukan bilicin. Waɗannan da fitsari ake auna su. Alamunsu sun haɗa da rawar hannu, rashin barci, saurin fushi, kumburin dasashi, da fitsari mai kumfa idan ƙoda ta taɓu.

Man bilicin da ƙwayar ƙiba suna da hannu a kasala?

Sosai, kuma ba kasafai ake tambayar mata wannan ba. Mayukan haɗi da yawa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, haka ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe galibi akwai deksametason a ciki, shi ma sitiroyid ne. Idan aka daɗe ana amfani da su, fuska ta kumbura, ciki ya yi tumbi, nankarwa mai faɗi ta fito, suga da hawan jini su tashi, al'ada ta rikice. Jiki kuma yana daina sarrafa nasa sitiroyid, wato kotisol, wanda adirenal ke fitarwa. Ranar da aka daina farat ɗaya sai kasala mai tsanani, jiri, amai da faɗuwar awon jini su biyo, abin da ke iya kai wa ga rasa rai. Wannan ita ce matsalar adirenal ta gaskiya, kuma ana auna ta da jinin safe tsakanin ƙarfe 8 da 9. Ki kai wa likita kwalbar man da fakitin ƙwayar, shi zai tsara yadda za a rage a hankali.

Cikina kullum a kumbure, ga ƙwannafi. An ce olsa ce.

Kalmar olsa ta zama rumbun da ake zuba kowane ciwon ciki. Ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa olsa ta yaɗu sosai a Arewa, kuma ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi. Gwajin jini na iya nuna tsohuwar kamuwa da ta riga ta warke. Kafin gwajin a dakatar da maganin olsa irin omefirazol mako 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, in ba haka ba zai nuna babu alhali akwai. Maganinta haɗi ne na ƙwayoyi uku ko huɗu na kwana 14, kuma yankewa a tsakiya shi ke sa ta dawo da taurin kai.

Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak, ibufurofen da firoksikam, waɗanda ke cikin haɗin da ake ƙullawa a kemis, suna cin bangon ciki har ya yi jini a ɓoye. Mace ta sha don ciwon jiki, jini ya ragu, kasala ta ƙaru, ta ƙara sha. A duba bayan gida saboda tsutsa, a kuma yi gwajin ciwon hanta nau'in B ko sau ɗaya ne.

Waɗannan ba sa jira: aman jini, baƙin bayan gida mai wari ga wadda ba ta shan ƙwayar ƙarfe, rama ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, idanu sun yi rawaya, ko ciki mai girma kullum tare da saurin ƙoshi ga mace mai shekaru.

Kullum sakamakona taifot da maleriya ne.

Gwajin Widal guda ɗaya yana iya nuna akwai ga wadda ta taɓa kamuwa shekarun baya, ko mai wani zazzaɓi daban. Taifot ciwo ne mai zazzaɓi mai hawa kwana da kwanaki, kuma shuka jini a ɗakin gwaji ne ke tabbatar da shi. Kasalar wata shida ba tare da zazzaɓi ba da wuya ta zama taifot, kuma maimaita maganinsa yana ƙara rikita hanji.

Tun da na haihu ban dawo daidai ba.

Abu biyu muke so kowace mai jego da uwarta da mijinta su sani. Na farko ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Yana zuwa daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni biyar bayan haihuwa: haki, kumburin ƙafa, tarin dare, kasa kwanciya sai an tara matasai. Kunun kanwa mai yawa yana ƙara wa zuciya nauyi saboda gishirin da ke cikinsa. Binciken da aka yi a Kano ya samu ƙarancin seleniyam a jinin da yawa daga masu wannan ciwo, amma hoton zuciya ne ke gano shi, kuma magungunan zuciya ne ginshiƙin jinyarsa. Mai waɗannan alamu a kai ta asibiti ranar.

Na biyu ya shafi wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga nan nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, gashin hamata da na mara ya zube, ga kasala da jin sanyi shekara da shekaru. Wannan alamar lalacewar wata halitta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sauran homon. Yana da magani, kuma mata kan yi shekaru ana ce musu ciwon sanyi ne.

Na riga na yi gwajin gashin, an ba ni jerin ƙwayoyi da shayin wanke jiki. In sha?

Ki dakata tukuna. Ki duba ko wanda ya fassara sakamakon shi ne mai sayar da ƙwayoyin. Zink fiye da miligiram 40 a rana na tsawon lokaci yana korar tagulla daga jiki, ya haifar da ƙarancin jini da mutuwar ƙafafu. Seleniyam fiye da maikirogiram 400 a rana yana zubar da gashi, ya lalata farce. Shayin wanke ciki galibi filasko ne, yana sa gudawa, ya zubar da fotasiyam, kasalar ta ninku. Magungunan fitar da ƙarfe masu guba kuwa sun taɓa kashe mutane ta hanyar faɗar da kalsiyam na jini, don haka asibiti ne kaɗai wurinsu.

Idan takardar ta nuna dalma, zaiba ko asenik sun yi sama, kada ki yar da ita. Ki kai wa likita, a tabbatar da jini ko fitsari.

An yi duk gwaje-gwajen, an ce lafiyata ƙalau, amma ni na san ba na jin daidai.

Mun yarda da ke. Sakamako mai kyau ba ya nufin ƙirƙira kike yi. A duba barcinki: awa nawa, sau nawa kike tashi. Matan da rashin tsaro ya raba da garuruwansu, ko suke kwana da kunne ɗaya a buɗe, jikinsu yana nuna hakan da ciwon kai, faɗuwar gaba, ƙwannafi da mutuwar jiki. Idan mako biyu ko fiye kina cikin baƙin ciki, abin da ke faranta miki rai ya daina, ga kuka ba dalili, wannan ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa, a haɗa da addu'a. Tunanin cutar da kai ko jariri kuwa, a faɗa wa wani yau. Mai shan maganin suga na metfomin shekaru a auna mata bitamin B12. Tarin da ya wuce mako biyu da gumin dare a duba tibi. Idan babu sauyi bayan wata uku, a koma a sake dubawa daga farko.

Kuɗin hannuna kaɗan ne. Da me zan fara, kuma me zan tafi da shi?

Awon hawan jini, gwajin ciki, PCV ko cikakken ƙirgen jini, suga, da gwajin fitsari. Ana samun waɗannan a yawancin manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Suga na safe kafin a ci komai, bayan awa 8 ba abinci, idan ya kai 126 a gwaji biyu ciwon suga ne. Mataki na biyu feritin da TSH, sai gwajin HIV da na hanta da na ƙoda. Gwajin dalma yana hawa sahun farko ga duk wadda ta zauna inda ake sarrafa dutse.

Kafin ki tafi, ki rubuta ko ki sa a rubuta miki ranakun al'adarki uku na ƙarshe da kwanakin da kowace ta yi, yawan haihuwa da ɓari, da watan da kasalar ta fara. Ki zuba duk abin da kike sha ko shafawa a leda ɗaya: na asibiti, na kemis, na gargajiya, kayan mata, man shafawa da kwalli. Ki tafi da safe ba ki karya ba idan za a auna suga, ki riƙe ruwan sha da abin karyawa a jaka, sannan ki karɓi kwafin kowane sakamako da lambobinsa ki adana, domin da shi za a kwatanta na wata uku masu zuwa.